Takardar da ba a sa mata suna

Ranar da shef ɗin departama ya aiko a kira ni buro, wallahi abin da ya fara zo min a rai shi ne ko wata matsala ta samu not ɗina, ko kuma hayaniyar da aka yi a amfi, babban zauren darasi, satin da ya wuce ce ta kai kunnenshi. Ni ne delege na ajinmu lokacin, shekara ta biyu ta lisans a fannin noma nan Maraɗi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe delege ya san aikin, kai ne mai ɗauko alli da makirfo, kai ne mai kiran malam a waya ka ji ko zai shigo yau, kai ne mai tara dala biyar-biyar na fotokopi, in an ɗage kur kuma kai za a tasa gaba a gurup ɗin WhatsApp. Ba a taɓa kiranmu buro don a ji ra'ayinmu ba, sai dai a ba mu saƙo mu kai.

Na shiga na gaida shi, ya nuna min kujera. Ya ce an kafa wani ɗan kwamiti da zai duba yadda ake koyarwa da yadda ake yi ma ɗalibai hidima a fakilte, kuma sun ga in ba ɗalibai a ciki to aikin banza za a yi. Ya ce "so muke ku zauna tare da mu tun daga tsara tambayoyin har zuwa karanta amsoshin, ba a gama komi sannan a miƙo muku ku sa hannu ba." Na ce Malam a ba ni kwana biyu in yi shawara. Ya ce ba komi, amma in zo da mace guda daga ajinmu, don ba ya son kwamitin ya zama na maza zalla.

Da dare na tahi wajen kawuna a unguwar Zariya. Shi a Yamai ya yi karatu, zamanin da duk ƙasar jami'ar gwamnati guda ce, kuma yana cikin ɗaliban da suka hito ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990, ranar da aka buɗe wuta a gadar Kennedy aka kashe ɗalibai uku. Har yau USN, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, na tunawa da ranar kowace shekara, kuma kowa ya san jinin nan na cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Don haka in kawu na maganar ɗalibai da hukuma ba ya yinta da wasa. Na kwashe komi na gaya mishi. Ya yi shiru yana juya kofin shayi, can ya ce "ɗana, mu a lokacinmu da ƙafa muke magana don ba a ba mu kujera ba. In ku an ba ku, ka zauna. Sai dai kullum ka shiga ɗakin ka tuna wa ya aiko ka, kuma in ka hito ka koma ka gaya musu abin da aka ce." Ɓangaren ƙarshe na maganar ban ɗauke shi da nauyi ba a daren, sai da watanni suka wuce na gane shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya.

Kafin in ba da amsa na biya wajen ƴan ƙungiyarmu ta ɗalibai, don ban son a ce na bi ta bayan gida. Ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce dabara ce ta a kashe ma ƙungiya kaifi, gobe in an tashi yajin karatu sai a ce ai ga wakilanku muna zaune da su. Wasu suka ce a gwada. Ni ban ga laihin masu shakka ba, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Muka tsaya a kan zan shiga, amma duk abin da aka tattauna zan kawo musu, kuma ba zan sa hannu a kan wani abu da sunan ɗalibai ba sai an ji ta bakinsu.

Zaman farko mu tara ne, malamai huɗu, mutum guda daga sikolarite (buron rajista da takardun ɗalibai), mu ɗalibai huɗu. Wadda na zo da ita wata ƴar ajinmu ce ƴar Tasawa, mai shiru-shiru, wadda ni a lokacin na zaɓe ta ne kawai don tana da kyan rubutu kuma ba ta fashin kur. Aka raba mana takardar tambayoyin da suka riga suka tanada. Shafi uku ce, Faransanci mai nauyi irin wanda sai ka karanta jimla sau biyu, kuma can sama ga gurbin suna da lambar matirikil. Ina ganin gurbin nan na san ba wanda zai cika ta da gaskiya. Na ɗaga hannu kaman a aji, wata malama ta yi murmushi ta ce a nan ba a ɗaga hannu, ka yi magana kawai. Na ce Malam ku yi haƙuri, amma ɗalibin da not ɗinshi ke hannun malami ba zai rubuta sunanshi ƙarƙashin ƙorahi ba, ko ni ba zan yi ba. Wani malami ya ce to in ba suna ai yara zagi za su yi ta yi. Na ce za a samu masu zagi, wannan gaskiya ne, amma in da suna yabo kawai za ku samu kuma ba zai amfane ku da komi ba.

Mun kwashe zama biyu cur a kan maganar suna kaɗai. Don ko an cire sunan akwai rubutun hannu, malamin da ya gyara kopinka sau uku ya san yadda kake rubuta harufanka. Daga ƙarshe ga yadda muka ƙulla ta: yawancin tambayoyin alama kawai za a sa a cikin akwati, wurin da aka bari na rubuta ra'ayi kuma mu ɗalibai za mu sake buga shi a kwamfuta, malami ba zai taɓa ganin takardar asali ba. Ranar cikawa malami zai hita daga aji. Za a zuba takardun a ambulan a liƙe gaban kowa. Sannan abin da ya hi komi kwantar da hankalin mutane, ba za a nuna ma malami sakamakon ba sai bayan an yi deliberasiyon, wato zaman da malamai ke tabbatar da sakamako, an kafe not a allo. Wanga sharaɗi na ƙarshe abokina ɗan Dakoro ne ya kawo shi, kuma da ba shi da ina jin abin bai tashi ba.

Sai muka koma kan tambayoyin kansu. Muka rage su zuwa shafi guda gaba da baya, muka maida su irin maganar da ɗalibi ke yi a bakin amfi. An ba ku tsarin kur ɗin tun farkon semestir? Awoyin da aka rubuta an yi su ko an taƙaita? A TP, wato darasin gwaji da hannu, ka taɓa kayan da hannunka ko kallo ka yi? Bayan egzama ka ga kopinka? Wata nawa ka jira not? In ka yi reklamasiyon an ba ka amsa? Muna cikin haka ƴar Tasawar nan da ba ta ce uffan ba tun farko ta ce tana da tambaya biyu. Ta ce a tambaya ƙarhe nawa ake tashi daga kur na marece, don in aka kai bayan magariba mu maza ba ruwanmu, su kuma ga neman kabu-kabu cikin duhu ga faɗan gida, akwai waɗanda iyayensu suka fara cewa su bar karatun saboda haka kawai. Ta biyu, a tambaya ko akwai ruwa a makewayin mata, don akwai ƴan matan da ba sa shan ruwa tun sahe har su koma gida saboda kada su buƙaci shiga, cikin zafin nan na Maraɗi da watan Afrilu ke wuce digiri 40. Ɗakin ya yi tsit. Shekara biyu ina aji guda da su, ina kiran kaina wakilinsu, ban san da wannan ba. Mutumin sikolarite ya sunkuyar da kai yana rubutawa, malamar nan kuma ta ce a sa tambayoyin biyu yadda ta faɗe su kada a canza ko kalma.

Su ma malaman sun zo da nasu sharaɗin, kuma da farko bai yi min daɗi ba. Suka ce a ƙara wani ɓangare inda ɗalibi zai auna kanshi: sau nawa ka yi fashi, ka karanta poli (darasin da aka buga a takarda) kafin ka shigo, awa nawa kake ba darasin a gida. Na ce ai malamai ake aunawa ba mu ba. Malamar ta jawo takarda ta zana min. Ta ce tsarin LMD (lisans, masta, doktora) da muke ciki, wanda ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, suka amince da shi tun 2007, lisans semestir 6 ce, kowace semestir kiredi 30, gaba ɗaya 180. Kuma kiredi ba awoyin da malami ya tsaya gaban allo kaɗai ake ƙirgawa ba, har da aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai, a laburare ko a ɗaki ko a gona. Ta ce "ka ga ke nan tun a takarda an riga an rubuta cewa kaso mai yawa na karatun a hannunku yake. In za a tambayi yadda muka riƙe namu ɓangaren, a tambayi yadda kuka riƙe naku." Ban samu abin cewa ba don gaskiya ta faɗa. Shekara biyu ina jin kalmar kiredi ina ɗauka wani lissahin sikolarite ne kawai da ake tarawa a wuce aji.

Ranar cika takarda ba zan manta da ita ba. Bayan kur na ƙarhe goma, kuran ya ɗauke, fankoki sun tsaya, kowa na hihita da kaye. Malam ya tattara jakarshi ya hita kaman yadda aka yi alkawari. Na hau gaba na fara bayani da Faransanci, ban kai jimla uku ba wani daga baya ya ɗaga murya ya ce "nawa aka ba ka delege?" aka bushe da dariya, wasu suka fara miƙewa za su hita. Abin ya sosa min rai ƙwarai, don ko ruwan leda ba a taɓa ba mu a zaman ba. Sai na aje Faransancin na koma Hausa, na ce kamarad ku ba ni minti biyar in ba ku gamsu ba ku tahi. Na ɗaga takardar na nuna musu ba gurbin suna, na ɗaga ambulan da sikoc, na gaya musu sharaɗin sai an kafe not. Na karanto tambayar makewayi da ƙarhi. A nan na ga ɓangaren mata sun natsu, suna kallon juna. Akwai wani dattijo a ajinmu, mushe ne na firamare da ya dawo karatu bayan shekaru yana koyarwa a ƙauye, kowa Baba yake ce mishi. Ya miƙe a hankali ya zo gaba ya ce "ba ni tawa ɗana, ni na yi shekaru ana zuwa ana auna aikina ba a taɓa tambayar yaran da nike koyarwa ba." Ya amsa ya koma ya zauna ya fara cikawa. Daga nan hannuwa suka yi ta miƙowa. Wasu ƴan kaɗan sun hita dai, ban hana su ba. Da aka gama muka liƙe ambulan, mutum uku da ajin ya zaɓa suka sa hannu a kan bakin sikoc ɗin, ciki har da wanda ya ce an saye ni, da gangan na roƙe shi ya zo.

Ƙirgar ta ci mana dare uku. An ba mu wani ɗan ɗaki da kwamfuta guda, mu huɗu da malamar, ita tana zaune can gehe tana gyaran kopinta don kada ta ga rubutun kowa. Ɗaya na karantowa, ɗaya na bugawa, biyu na sa ido. In kuran ya ɗauke mu kunna hitilar waya mu ci gaba har batirin kwamfutar ya ƙare. Ɗan Dakoro ya zo da butar shayi da gawayi. Akwai zagi, kaman yadda malamin nan ya faɗa, amma bai kai yadda ake tsoro ba. Ƙa'idar da muka bi ita ce a cire zagin a bar ƙorahin, in mutum ya zagi malami saboda ba ya zuwa kan lokaci, mu rubuta cewa ba ya zuwa kan lokaci. Mun yi gardama mai zafi a kan ko wannan ba rage ma mutane murya ba ne, har yanzu ina tunanin abin wani lokaci, amma na san da mun kai zagin teburin da a kanshi za a tsaya a manta da sauran.

Takarda guda ta tsaya min a rai. Ƙaramin rubutu ne da bik shuɗi, kuma da Hausa aka yi shi duk da tambayoyin da Faransanci suke. Aka rubuta: "Ni dai ban taɓa sa idona a mikroskof ba, daga bayan mutane nike tsayawa, in an hito in kwahi zanen wani." Na karanta na sake karantawa. Mun san kayan TP sun yi mana kaɗan, kowa ya sani, amma mu da ke da baki da ƙarhin kutsawa gaba muna samun minti biyunmu. Wannan mutum ya ci TP ɗin da not mai kyau wataƙila, bai ga ƙwayar halitta ko sau ɗaya ba. Muka buga maganar yadda take da Hausarta, muka sa fassara a ƙasa.

Akwai kuma wata guda da ta taɓo abin da ya hi ƙarhin takardar tambayoyi, maganar mutunci ce ta wata ɗaliba. Ba mu buga ta ba, ba mu kuma yar da ita ba, ƴar Tasawa ta kai ma malamar suka yi magana su biyu, daga baya aka sanar a ajujuwa cewa duk mai irin wanga kuka ga wadda za ta samu kai tsaye cikin sirri. Iyakar abin da ya dace in faɗa ke nan.

Sai babban zama da malaman departama gaba ɗaya, bayan an kafe not. Ni aka ce in gabatar. Daren ban yi barcin kirki ba, ina tunanin yadda zan tsaya gaban mutanen da wasunsu sun haihi kamata in ce ga inda suka gaza. Innata ce ta ce min in fara da abin da aka yaba, kuma kada in kalli mutum guda in ina faɗin mai ɗaci. Haka na yi, kuma ba daɗin baki ba ne don yabon na nan da yawa a takardun, akwai malamin da kusan kowa ya rubuta cewa yana tsayawa bayan kur ya sake bayani ga wanda bai gane ba. Ba a ambaci sunan kowa a zauren ba, kowane malami an ba shi nashi sakamako a ambulan, abin da ya shahi kowa shi muka tattauna.

A nan na koyi abubuwan da da ban sani ba. Babban kukanmu shi ne kur ɗin da ake dunƙulewa a sati guda, sahe da marece, a gama Asabar a yi egzama Litinin. Mu a wajenmu rashin tausayi ne. Sai aka bayyana mana cewa wasu darussan ba mai koyar da su a nan, sai an gayyato malami daga Yamai ko wata jami'a, ya yi tahiyar sama da kilomita 600, ya bar nashi ɗaliban, kwanakin da aka ba shi ke nan. Ba za a iya hana wannan ba sai an samu ƙarin malamai, kuma ɗaukar malamai ba a hannun departama yake ba. To amma da muka san dalilin sai muka kawo abin da zai yiwu: a turo poli sati biyu kafin malamin ya iso mu raba a gurup, kuma a bar aƙalla sati guda tsakanin ƙarshen kur da egzama. Shef ya dubi sauran ya ce wannan ai ba ya cin ko dala. Aka rubuta. TP kuma aka amince a raba mu ƙananan gurup, da takardar da kowa zai sa hannu bayan ya duba da idonshi, ko da hakan na nuhin wasu su zo ranar Asabar. Kur na marece aka ce a tashi kafin magariba. Ganin kopi bayan egzama an ja sosai kafin a yarda, kuma ba duka suka yarda da zuciya ɗaya ba.

Wani dattijon malami mai koyar da ilimin ƙasa ya buɗe ambulan ɗinshi a wurin, na ga huskarshi ta canza. Ya ce shekara da shekaru yana koyarwa, yau yaran da ba su san bambancin jigawa da fadama a takarda ba su ne za su ba shi maki. Ya tashi ya hita. Jikina ya yi sanyi, don mutum ne da nike girmamawa kuma na san iliminshi ba na wasa ba ne. Bayan kwana huɗu ya aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa na gaida shi, ya ce tashi ka zauna. Ya ce "an rubuta wai ina karanto takarda ne kawai ba a gane komi. Kai ma haka ka gani?" Na ce Malam ilimin na nan, amma muna haddace sunayen ƙasa ne ba mu taɓa ganinta a yanke ba. Ya daɗe bai ce komi ba. Sannan ya ce in gaya ma ajin ranar Asabar kowa ya zo da takalmin gona.

Ya kai mu bakin Gulbi, ya sa muka haƙa rami har ƙugu. Shi da kanshi ya naɗe ƙafar wando ya shiga, da wuƙa a hannu yana kankare bangon ramin yana nuna mana inda launi ya canza, baƙa-baƙa a sama inda ganye ya ruɓe, sai mai haske, sai laka can ƙasa mai riƙe ruwa. Ya sa kowa ya ɗebo ya jiƙa da ruwa ya murza tsakanin yatsu, in ta yi igiya ba ta tsinke ba laka ta yi yawa, in ta watse rairayi ne. Abin da muka yi wata biyu muna haddacewa ya shiga kanmu kafin azahar. Da muka zauna ƙarƙashin wani gawo muna shan hura sai ya kawo labarin sassaben zamani, yadda aka yi shekaru ana dasa itatuwa a jihar nan suna mutuwa, har zuwa farkon shekarun 1980 da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki nan Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke gonaki da ransu, abin da ake buƙata manomi ya zaɓi rassan da zai bari ya sassabe sauran. Ya ce dabarar ba ta yaɗu ba sai da aka bar ma manoma zaɓin, wannan ya bar kalgo, wancan sabara, wani aduwa, kowa ya san gonarshi. Bai haɗa labarin da maganar takardunmu ba, ni ma ban ce komi ba, amma da za mu tashi ya dafa kafaɗata.

Abin da ya kusa kashe aikin duka shi ne shirun da ya biyo baya. Mu ƴan kwamiti mun san abin da aka yanke, sauran ɗalibai ba su sani ba, aka tahi hutu aka dawo, kusan wata biyu ba wanda ya ce musu komi. Aka fara tare ni a hanya, "delege ina takardunmu, an soya ƙosai da su?" A nan maganar kawu ta dawo min. Laihina ne kaman yadda yake na kowa a kwamitin, na shiga ɗaki na hito ban koma wajen waɗanda suka aiko ni ba yadda ya kamata. Na samu shef na ce Malam in ba a kafe amsa a allo ba, baɗi ko mutum goma ba za su cika takardar ba. Muka zauna muka rubuta ta gida uku: abin da kuka ce, abin da aka yi, abin da ba a iya ba da dalilinshi. Wasu malamai ba su so gida na uku ba, suna ganin tallar gazawa ce. Amma ranar da aka kafe ta na tsaya nesa ina kallo, gida na ukun nan shi mutane suka hi daɗewa suna karantawa. An rubuta ƙarara cewa ba a samu kuɗin ƙarin mikroskof ba a kasahin bana, an rubuta cewa bursu (kuɗin tallahin ɗalibai) da resto (gidan abincinsu) da bas da ɗakunan kwana ba a ƙarƙashin fakilte suke ba, ga inda aka miƙa kukan da ranar da aka miƙa. Wanda ya ce an saye ni ya ɗauki hoton takardar ya tura gurup da kanshi.

Maganar resto mun bi ta daban, mun yi sati muna tsayawa da kaye muna rubuta tsawon lokacin da mutum ke yi a layi, muka kai ma masu kula da wurin, aka buɗe taga ta biyu ta tikiti. Sauran kukan abinci na nan yadda yake.

Yajin karatu kuma an yi shi a shekarar, a kan bursu, kuma na shiga tare da kowa. Wasu sun ce ya za a yi kana zaune da su kuma kana yaji, na ce abin da za a iya warwarewa a tebur mun kai shi tebur, wanda teburin ba shi da iko a kai kuma ƙungiya na nan. Abin da na lura shi ne takardar buƙatun da aka rubuta a wannan karon ta hi ta da tsabta, ba a cakuɗa abin da duwayan, shugaban fakilte, zai iya da abin da sai minista ba, don yanzu akwai ɗaliban da suka san wace ƙohwa ake ƙwanƙwasa ma wace matsala.

Bana ina shekarar ƙarshe, ina ta fama da rahoton sitaj, kuma ajin ya zaɓi ƴar Tasawa ta gaje ni a kwamitin. Jiya da la'asar muka zauna bakin laburare na miƙa mata kayen da nike rubuta komi a ciki tun zaman farko. Muka bi shafi-shafi. Kur na marece ana tashi kan lokaci sai malami guda da ke mantawa sai an tuna mishi. Poli na zuwa da wuri daga wasu, wasu har yanzu sai ranar. Ganin kopi ya zauna a darussa da dama. An ja ruwa zuwa makewayin mata amma famfon ya lalace tun watan jiya, na ce mata shi za ta fara ɗagawa ranar Litinin. Mikroskof har yanzu ba a ƙaro ba, ta ce ta sani, ta ja layi biyu ƙarƙashinshi. Sannan ta ce tana so bana a buga tambayoyin da Hausa a bayan takardar, don wanda ya rubuta maganar nan da bik shuɗi ba shi kaɗai ba ne. Na ce ta kai maganar, zan zo in zauna a baya in an bar ni. Ta sa kayen a jaka ta miƙe, don ana kiran sallar magariba kuma gidansu can Ali Ɗan Tsoho yake.